Abin da Ya Kada Fannami a Rijiyar Alhaji

Shekara ashirin da uku Fannami ya yi yana shiga rijiya, kuma kullum da ƙarfinsa yake fitowa. Shi ke haƙa sabuwa, shi ke yashe tsohuwa in rairayi ya cike ta, tun daga kwarurukan Gidigir har ƙauyukan da ke bayan Gure. Mutum ne siriri marar yawan magana, sai dai yana da wata ɗabi'a da ke gajiyar da matarsa Rumasa'u: in abu ya faru a gabansa bai gane dalilinsa ba, ba ya iya barinsa. Akwai shekarar da ya haƙa ramuka huɗu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi, don kawai ya gane me ya sa ruwan wata rijiya ke da kanwa alhali ta kusa da ita, taku goma tsakani, ruwanta garai yake.

Da zafi ya fara, bayan an cire albasa, Alhaji Ɗan Kasuwa ya aiko a kira shi. Alhaji na da garka babba a gefen kwari, inda ƙasa ta fara hawa tudu, da tsohuwar rijiyar siminti mai zurfin gaba goma sha ɗaya. Laka ta taru a gindinta, ruwa ya ragu, rogo ya fara laushi. Fannami ya zo tare da Garbai, abokin aikinsa tun suna samari, wanda ke riƙe masa igiya.

Bisa al'ada sai an yi kwana biyu ana kwashe ruwa da guga kafin mutum ya sauka. Alhaji ya ce ba ya da kwana biyu, kuma ba ya bukatarsu, don ya sayo motopom daga Damagaram, injin ban ruwa mai shan esans, wato fetur. Matsalarsa ɗaya, daga bakin rijiya ba ya iya jawo ruwa mai nisa haka, saboda haka aka ɗora shi kan katako, aka ɗaure da igiyoyi, aka zura shi har tsakiyar rijiyar. Fannami ya ce shi bai taɓa aiki da inji rataye bisa kansa ba. Alhaji ya yi dariya, ya ce ai yanzu ko'ina haka ake yi.

Tun da safe injin ke aiki, kafin hantsi ya yi ƙarfi ruwa ya sauka, aka kashe shi. Fannami ya yi abin da ubansa ya koya masa: ya kunna fitilar ƙwai, ya zura ta har ƙasa, ya bar ta tsawon shan kofin shayi ɗaya. Rijiyar da iskarta ta mutu, fitila ba ta rayuwa a cikinta. Aka jawo ta tana ci. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya sauka.

Yana tuna sanyin laka a ƙwaurinsa. Yana tuna ya cika bokiti uku an jawo. Daga nan sai ya buɗe ido ya gan shi kwance bisa gado a gidan likita na Gure, da wata roba rufe da hancinsa da bakinsa tana huro masa iska, Rumasa'u na zaune a ƙasa ta jingina kanta da ƙafar gadon.

Kwana huɗu ya yi aka sallame shi. A jikinsa babu ƙuna, babu ƙwarzane, ko targaɗe babu. Amma kansa na ciwo kamar an ɗaure shi da tsirkiya, ƙafafunsa sun yi nauyi, in ya taka zuwa masallaci sai zuciyarsa ta riƙa dukan ƙirjinsa har ya nemi wurin zama. Abin da ya fi damunsa mantuwa. Sai ya ajiye buta ya rasa inda ya ajiye ta. Sau biyu yana cikin sallar azahar ya rasa raka'a ta nawa yake.

Magana biyu ta yaɗu a gari. Tsofaffin mata suka ce rijiyar tana da masu ita, kuma tun da Alhaji ya sare tsamiyar da ke kusa da ita suka san za a rina. Shi kuwa Alhaji, da aka tambaye shi ranar kasuwar Gidigir, cewa ya yi ciwo ne ya taso wa bawan Allah, wataƙila farfaɗiya, Allah ya ba shi lafiya. Bai faɗe ta da mugun nufi ba, amma ita ce maganar da ta fi tafiya. Wani mutumin Gamu da ya riga ya yi alkawarin ba Fannami haƙar sabuwar rijiya ya aiko cewa a dakata tukuna. Rannan a majalisa, da Fannami ya sha shayi ya miƙa kofi, ya lura mai dafawar ya ɗauraye kofin sau biyu kafin ya zuba wa na gaba.

Fannami ya tashi. Ya koma gida ya kwanta a rumfa yana juya abin a ransa. A danginsu kaf, na uwa da na uba, bai san mai farfaɗiya ba. Rijiyar kuwa ya taɓa yashe ta shekara shida da suka wuce, bayan an sare tsamiyar, ba abin da ya same shi. To, me ya kada shi? Ya sa aka kira masa Garbai, ya ce ya ba shi labarin ranar tun daga farko, kada ya tsallake komai. Garbai ya ba shi. Washegari ya sake kiransa, ya ce ya maimaita. Garbai ya ce wai shin mantuwar ce ko kuwa tsohuwar ɗabi'ar ce ta motsa. Fannami ya ce duka biyun.

A karo na uku ne Garbai ya ambaci wani abu da yake ganin bai kai a faɗa ba. Ya ce bayan bokiti na uku ruwa ya fara dawowa har ya kai wa Fannami gwiwa, sai Alhaji ya ce wa babban ɗansa Zubair ya sauka kan katakon ya sake ta da injin.

Fannami ya tashi zaune. "An ta da shi ina ciki?"

"Ai kai ma ka ji. Har ka ɗago hannu, na ce to, ya yarda."

Garbai ya ce bokiti na huɗu ya fito, na biyar ya fito rabi, na shida bai fito ba. Ya yi kira ba amsa, ya ja igiyar ƙugu ya ji ta da nauyi irin na buhun hatsi. Su uku suka jawo shi, kansa na lilo. Fannami ya tambaye shi ko an ga hayaƙi. Garbai ya ce ɗan kaɗan, shuɗi-shuɗi, bai kai na murhun mace guda ba. Sai ya ƙara da cewa shi ma da ya daɗe da kai cikin rijiyar yana kira, ya wuni da ciwon kai, Zubair kuwa da ya hawo daga kan katako sai da ya yi amai a gindin dabino.

Fannami ya ce shi dai bai taɓa jin farfaɗiyar da ke kama mutum uku a wuri guda ba.

Ranar Litinin ya tafi ƙaramin gidan likitan ƙauyensu wurin Majo Balkisa, shugabar wurin, wadda ita ce ta fara karɓarsa ranar da abin ya faru, kuma ta raka shi har Gure. Rumasa'u ta bi shi don kada ya faɗi a hanya. Majo ta ce ai tun ranar ta rubuta a takarda cewa hayaƙin inji ne, likitan Gure ma haka ya gani, ta ɗauka an gaya masa. Wataƙila an gaya masa ya manta.

Fannami bai gamsu ba. Ya ce ya san hayaƙi. Ya taɓa taya kashe wutar daji a Alakos, ya san yadda hayaƙi ke cin ido, yana shaƙe wuya, yana sa tari. Da hayaƙi ne, da ya ji, da ya ja igiya an fid da shi. Majo ta ce wancan da yake faɗi shi ne hayaƙin da ake gani, amma a cikinsa akwai wani abu da ba ya da launi, ba ya da wari, ba ya sa tari. A fili iska ke kwashe shi. A ɗaki rufaffe ko rami ba ya da wurin zuwa, sai ya taru. Fannami ya tambaya, in ya shiga mutum ina yake zuwa. Ta ce jini yake shiga. Aikin jini shi ne ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki, kamar jakin da ke kai ruwa gida-gida, to wannan abin sai ya haye jakin ya ƙi sauka, ruwa ya rasa abin hawa. Kai da zuciya su suka fi ƙishirwa, shi ya sa su ke fara gazawa, kuma su ke daɗewa ba su dawo daidai ba.

Wannan bayanin ya yi wa Fannami daɗi, har ya maimaita shi a hankali. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi. Ya ce in an zura fitila lokacin da injin ke aiki, za ta mutu ko ba za ta mutu ba?

Majo ta ajiye alƙalaminta. "Wallahi Malam Fannami wannan ban sani ba. Ba a koya mana da fitila ba."

Da Rumasa'u ta ga za su tashi sai ta ce ita tambayarta daban ce. Ta sayar da akuyarta ta sayi magungunan da aka rubuta a Gure, rumbu na ƙasa, maigida ba ya iya ɗaukar ko tulu, shin wanda ya ji ciwo a aikin wani ba ya da hakki? Majo ta ce yana da shi. Su koma Gure likita ya ba su sartifika, takardar da ke faɗin abin da ya same shi da kwanakin da ba zai iya aiki ba. Da ita za su iya zuwa wurin bulama a yi sulhu, in bai yiwu ba su wuce gidan shari'a. Ta kuma ja Rumasa'u gefe ta ce mata irin wannan ciwon yakan lafa ya dawo, kada ta yarda a rufe magana gaba ɗaya a zama guda.

A hanyar gida Fannami ya ce shi ba ya son ƙarar Alhaji, mutumin da ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi Gure. Rumasa'u ta ce ba ta hana shi neman amsarsa ba, shi ma kada ya hana ta neman hatsinta. Ranar Laraba suka shiga mota zuwa Gure. Likita ya sa shi ya taka bisa layi guda, ya faɗa masa sunayen abubuwa biyar ya ce ya maimaita bayan ɗan lokaci, Fannami ya kawo uku. Aka rubuta masa kwana sittin ba aiki. Takardar da Faransanci take, sai ya roƙi wani ma'aikaci ya fassara masa ita a bakin ƙofa, sau biyu.

Da Rumasa'u ta kai masa takardar, Bulama Abatcha, mai garinsu, ya tara su a zaurensa bayan la'asar. Alhaji Ɗan Kasuwa ya zo ransa a ɓace. Ya ce shi bai tura kowa rijiya ba. Mutum ya zura fitilarsa da hannunsa, ya ga tana ci, ya sauka. Da aka ta da inji bai ce a kashe ba. Da ya faɗi, da motarsa da esans ɗinsa aka kai shi Gure. Yanzu kuma a ce shi ya ji masa ciwo?

"A nuna mini raunin," in ji shi. "In akwai karaya, in akwai jini, ko haƙori ɗaya ne ya fita, ni Ɗan Kasuwa in biya a nan kafin in tashi."

Bulama ya juya sartifikar a hannunsa. Ya ce shi tun da ya gaji ubansa ya yi sulhun sara, ya yi na kaho, ya yi na wanda raƙumin wani ya take, duka rauni ne da ido ke gani a auna shi. Wannan kuwa bai san ta inda zai kama shi ba. Bai ƙaryata likita ba, amma likita ba ya bakin rijiya ranar, kuma Alhaji na cewa ciwon mutum ne ya taso masa.

Sai Fannami ya nemi izini ya yi magana. Ya ce shi ma bai tabbata ba, kuma rashin tabbatar ya fi ciwon kan damunsa. Ya roƙi Alhaji ya ara masa rijiyar da injin na safiya ɗaya. Ba mutum zai shiga ba. Zakara za a zura, da fitila. In an jawo zakara lafiyarsa lau, ya janye ƙara, kuma ya yarda ciwonsa ne. Rumasa'u da ke zaune daga bakin ƙofa ta ɗago kai da sauri, don ba su yi wannan shawarar da ita ba. Alhaji ya ce ya yarda. Bulama ya ce shi ma yana son ya gani.

Zakaran ma na Rumasa'u ne, jan zakara ƙato da take tattali don salla. Ta ce akuya ta tafi, yanzu kuma zakara. Amma da safiyar Asabar ita ta ɗauko shi da kanta cikin kwando mai murfi, ta ƙi ba kowa ya riƙe.

Kafin su isa garkar, mutane sun cika ta, har da waɗanda suka baro shanu a bakin kwari. Majo Balkisa ta zo bisa babur, ta ce ba aiki ya kawo ta ba, kallo ta zo, amma tana isowa ta hana kowa sauka kan katako, ta ce a ta da injin a sama sannan a zura shi. Bulama ya ce a dakata da inji tukuna. Tunda wasu na cewa masu rijiya ne, a fara zura zakaran haka nan a ga ko za su taɓa shi. Garbai ya ɗaura kwandon da fitila a igiya ɗaya, fitilar daga sama kaɗan, ya zura su har dab da ruwa. Majo ta duba agogon wayarta. Minti goma sha biyar zakaran na ciki yana ta ƙorafi, muryarsa na hawowa da amo kamar daga cikin randa. Da aka jawo shi Garbai ya buɗe murfi don a gani, zakaran ya kai masa sara a yatsa. Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ai masu rijiya ba su da ruwa da jan zakara, baƙi suke so, amma ba wanda ya biye mata.

Zubair ya ja igiyar inji, ya tashi da ƙara, aka zura shi zuwa tsakiyar rijiya, ruwa ya fara fita ta tiyo yana bin kwalbatin rogo. Aka bar shi ya ɗan jima, sannan aka sake zura kwandon da fitila. Hayaƙin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba, iska na ɗauke shi tun bai kai tsayin mutum ba. Mutane suka yi ta matsowa za su leƙa, Majo na korarsu baya. Fannami kaɗai ta bari, shi ma ta ce ya leƙa ya janye, kada ya daɗe. Can ƙasa, ƙarƙashin katakon, ana hango ɗan hasken fitilar.

Minti biyar fitila na ci. Minti bakwai tana ci. Alhaji ya leƙa ya ɗago, ya ce wa Bulama to ga shi nan, in da iskar ta ɓaci ai da ta mutu. Rumasa'u ta sunkuyar da kai. Fannami ya koma bakin rijiya. Ya kwanta rub da ciki, ya kara kunnensa da igiyar da ke riƙe da kwandon. Ƙarar inji ta hana a ji komai, amma ɗazu igiyar na motsi a hannu duk lokacin da zakaran ya yi tsalle. Yanzu ta tsaya cik.

"Garbai, jawo."

Fitilar ce ta fara fitowa, tana ci tas kamar a ɗaki. Bayanta kwandon. Da aka buɗe, zakaran na kwance bisa gefe, ƙafafunsa miƙe, bakinsa a buɗe, idonsa rabi a rufe. Injin na can yana ƙara, ba wanda ya tuna a jawo shi. Garbai ya zaro wuƙa don kada ya zama mushe. Rumasa'u ta fizge zakaran, ta kai shi inuwar dabino inda iska ke kaɗawa, ta yi ta yi masa fifita da gefen mayafinta. An daɗe kafin ya motsa ƙafa. Ya miƙe ya faɗi, ya sake miƙewa, ya yi taku uku kamar mashayi, ya tsaya yana kallon mutane.

Kowa na wurin zakara, Fannami na gefe riƙe da fitila. Ya ɗaga ta ya duba lagwani, ya duba ƙwan, ya girgiza ya ji kananzir. Ba abin da ya same ta. Da wannan fitilar da irinta ubansa ya shiga rijiya shekara arba'in, kuma ya gaya masa in ta rayu za ka rayu. Majo ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ce ga alama ita fitila iska kawai take nema, in akwai ta ko da guba a ciki za ta ci. Fannami ya gyaɗa kai. Ya ce zamanin ubansa ba a rataye inji a rijiya, tsoho bai yi ƙarya ba, abin ne bai zo ba tukuna. Sai ya hure ta.

Alhaji kuwa ya jira har aka jawo injin aka kashe. Sannan ya matso wurin Majo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce yana da wata rijiyar a ɗaya garkar, kullum da safe Zubair ke sauka ya ta da inji a cikinta. Wata biyu ke nan yaron yana kukan ciwon kai da kasala, shi kuma yana ce masa ragwanci ne. Majo ta ce ya turo shi yau ɗin nan, kuma daga yau kada kowa ya sake sauka inda inji ke aiki.

A nan gindin dabino Bulama ya ƙarasa zaman, bai jira an koma zaure ba. Ya ce su biyun ba wanda ya san abin, kuma Fannami ya ji tashin injin bai hana ba. Amma injin na Alhaji ne, umurnin na Alhaji ne, aikin ma nasa ne. Saboda haka Alhaji zai biya kuɗin magani, ya mayar wa Rumasa'u akuya kamar tata, ya ci da gidan har kwana sittin ɗin da likita ya rubuta. Alhaji ya ce ya ji. Bulama ya tambayi Fannami ko da saura. Fannami ya ce abu ɗaya ne, maganar farfaɗiya a kasuwa aka faɗe ta, yana son a janye ta a kasuwa.

Sai Rumasa'u ta ce, Allah ya ja zamanin Bulama, ita ma tana da saura. A rubuta a takarda, kuma a sa cewa in kwana sittin sun cika likita ya ce bai warke ba, magana ba ta mutu ba. Nan Alhaji ya tirje. Ya ce wannan ai rami ne marar gindi, mutum na iya cewa kansa na ciwo har shekara goma. Aka yi ta ja har rana ta take. A ƙarshe aka tsaya kan cewa ba maganar Fannami za a bi ba, ba ta Alhaji ba, sai abin da likitan Gure ya rubuta. Malamin Bulama ya rubuta, kowa ya dangwala yatsa.

Ranar kasuwar Gidigir Alhaji ya tsaya a rumfar masu albasa ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Bai tsawaita ba, amma labarin zakara ya riga shi isa, mutane suka tare shi da tambaya har ya ƙare da ba da labarin da bakinsa, yana kwatanta yadda zakaran ya yi tangaɗi. Mutumin Gamu ya zo har gida, ba don haƙar rijiya ba, don ya riga ya ba wani. Ya zo ne ya ji minti nawa zakaran ya yi kafin ya faɗi, saboda su ma sun fara rataye inji.

Kwana sittin suka cika. Ciwon kai ya tafi, mantuwa ta ragu ƙwarai, amma ƙafafu da bugun zuciya ba su saki ba. Likita ya ƙara masa kwana talatin. Alhaji ya yi gunaguni, ya aiko da rabin hatsin, sai da Rumasa'u ta ɗauki takardar ta je zauren Bulama sannan sauran ya iso.

Rijiyar kuwa tana nan da lakarta, don ba wanda ya yarda ya shiga. Dab da damina Alhaji ya zo da kansa ya ce a ƙarasa masa. Fannami ya ce za a yi, amma da guga da sa mai jawo shi, kuma Garbai ne zai sauka. Kwana uku aka yi. Fannami na sama riƙe da igiya, aikin da bai taɓa yi ba, yana ta leƙawa yana tambayar Garbai launin lakar da yake kwasa da ta wane gefe ruwa ke ɓuɓɓugowa, har Garbai ya ce daga ƙasa in ba zai yi shiru ba ya sauko ya gani da idonsa.

Da ruwan farko ya sauka aikin rijiya ya tsaya, kowa ya nufi gona. Fannami ya ɗauki sungumi ya bi sahu. Yakan yi layi biyu ya zauna, in ƙirjinsa ya lafa ya tashi ya ƙara biyu, Rumasa'u na biye da shi tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Gonar da suka saba shukawa a kwana huɗu, bana kwana tara ta ɗauke su.